Kunkurun Maryland da Kyautar da Ta Shekara 33 Tana Jira

Wani mai karatu, wanda bai manta da ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota a 2007 ba, ya tambaye ni ko ɗalibai sun taɓa tayar da irin wannan jirgi ba tare da inji ba. Sun yi, kuma har yau ana jayayya kan wanda ya cancanci kirarin.

A 1980 ƙungiyar masana jirage masu saukar ungulu ta Amurka ta sa kyauta da sunan Igor Sikorsky. Sharaɗin shi ne mutum ya tashi da ƙarfin jikinsa kaɗai, ya yi daƙiƙa 60 a sama, ya taɓa tsayin mita 3, kuma kada ya fita daga fili mai mita 10 a kowane gefe. A baki da sauƙi. Ɗaliban Cal Poly a Kalifoniya sun yi daƙiƙa 7 a 1989, ko gwiwa ba su kai ba. A 1994 Farfesa Akira Naito da ɗalibansa na Jami'ar Nihon a Japan suka yi daƙiƙa 19 da jirginsu Yuri, mai farfela huɗu. Daga nan aka yi tsit, sai da kamfanin Sikorsky ya ɗaga kuɗin zuwa dala 250,000 a 2009.

Nan ɗaliban Jami'ar Maryland suka shigo da jirginsu Gamera, sunan wani dodon kunkuru mai tashi a finafinan Japan. Tambarin jami'ar ma kunkuru ne. Ga kunkuru yana son dambe! Matuƙin yakan zauna a tsakiyar firam, yana murza feda da ƙafa, yana juya wata da hannu, jirgin na rawa kamar rumfar kara. A Agustan 2012 matuƙinsu Colin Gore ya yi daƙiƙa 65. Kwanaki kaɗan bayan haka Henry Enerson ya kai kusan mita 2.9. Haɗa biyun a tashi ɗaya ne ya gagara, domin kusa da ƙasa iskar da farfela ke turawa tana tokare jirgin, da an yi sama kuwa sai tallafin ya janye, cinya ta ɗauki nauyin duka.

Ranar 13 ga Yuni, 2013, a wani rufaffen filin ƙwallo kusa da Toronto, Todd Reichert ya hau jirginsu Atlas: nauyi kilo 55, faɗi fiye da mita 45, keke rataye a tsakiya da igiyoyi. Daƙiƙa 64, mita 3.3. Kyauta ta tafi Kanada.

Masu yaba wa Kanada suna cewa wanda ya cika sharaɗi shi ne gwani, ba na musu. Amma Reichert da abokinsa Cameron Robertson sun riga sun gama Jami'ar Toronto, wannan ne aikinsu dare da rana, alhali yaran Maryland suna raba lokaci da aji da jarrabawa. Kuma farfela huɗun da duka biyun suka dogara da ita, gonar Naito ce suka girba. Ni dai a wurina sunansa ne ya kamata a fara kira.

Maryland ba su naɗe tabarma ba. A Satumban 2013, bayan kuɗi ya riga ya tafi, Gamera ya yi daƙiƙa 97 a sama.