Fam 17 a Kan Kowane Fursuna, Ko a Raye Ko a Mace

Tun daga 1718 Ingila take kwasar masu laifi zuwa Amurka, inda 'yan kasuwa ke sayar da ƙwadagonsu ga masu gonakin taba. Yaƙin 'yancin Amurka da ya ɓarke a 1775 ya toshe wannan hanya. Gidajen yari suka cika maƙil, har aka riƙa tsare mutane a tsofaffin jiragen ruwa a bakin kogi. Daga nan gwamnati ta juya akalarta zuwa Ostiraliya.

Ayarin farko, jirage 11, ya tashi daga Portsmouth a watan Mayun 1787 da fursunoni sama da 700. An yi wata takwas a teku, amma waɗanda suka mutu a hanya ba su kai 50 ba, domin an tanadi abinci, ana kuma tsayawa a ƙaro guzuri. Sai dai gwamnati ta ga kuɗin sun yi yawa.

Da za a tura ayari na biyu, sai aka ba kamfanin Camden, Calvert da King kwangila, masu fataucin bayi. Aka yanke musu fam 17 da sule 7 da sisi a kan duk fursunan da ya shiga jirgi, ko ya isa da rai ko bai isa ba. Mutuwar fursuna ta zama riba, tunda abincin da bai ci ba za a sayar a Sidni. Aka ɗaure mutane da mari a cikin jirage, ga yunwa ga cuta. Cikin kusan 1,000 da aka ɗauka, sama da 250 suka mutu kafin a isa a watan Yunin 1790, ɗaruruwa kuma aka sauke su rai a hannun Allah. An gurfanar da kyaftin ɗin jirgin Neptune, Donald Trail, a 1792, kotu ta wanke shi. Kamfanin ma shi aka sake ba kwangilar ayari na uku.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Bayan wannan abin kunya aka fara ɗora wani kaso na biyan kuɗi a kan adadin waɗanda suka sauka da rai, daga 1815 kuma aka riƙa sa likitan sojan ruwa a kowane jirgi. Mace-mace suka ragu ƙwarai. Kafin a daina jigilar a 1868, an kai mutum kusan 162,000, kuma tsiran da yawansu ya rataya ne a kan yadda aka rubuta sharaɗin biyan kuɗi.