Lambun Sin da Ɗakin Musgum: Yadda Tsohuwar Fasaha Take Komowa

Duk wanda ya zauna a Garwa ya san aikin mutanen Sin, ko da bai taɓa taka ƙasarsu ba. Su ne suka gina madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982. Amma akwai wani abu dabam da za mu iya koya daga wurinsu, wato yadda suke ɗauko fasahar kakanninsu su yi sabon aiki da ita. Za mu fara da lambunsu, sa'an nan mu komo gida mu dubi ɗakin Musgum na arewacin Kamaru.

Lambun Sin ba irin namu ba ne na fadama, inda ake shuka albasa da tumatir. Wuri ne na hutawa da tunani, kewaye da katanga, da kududdufi a tsakiya, da gora, da rumfuna, da duwatsu masu ramuka waɗanda ake ɗaukowa daga tafkin Tai. Dutse ɗaya yana tsayawa a madadin babban tsauni, kududdufi kuwa a madadin teku. Hanyoyinsa a karkace suke, domin kada ido ya ga kome a lokaci ɗaya. Birnin Suzhou ne ya fi suna a wannan sana'a. A can ne wani ma'aikacin sarki mai suna Wang Xianchen ya fara babban lambunsa wajen 1509, bayan ya bar aiki. A 1997 hukumar UNESCO ta sa lambunan birnin cikin kayan gādo na duniya.

A 1995 wani mai sassaƙa a Beijing, Zhan Wang, ya soma wani abin da ba a saba gani ba. Yakan shimfiɗa fallen ƙarfe marar tsatsa a jikin dutsen lambu, ya yi ta bugu da guduma har ƙarfen ya ɗauki siffar dutsen. Sa'an nan ya cire fallayen, ya haɗa su da walda, ya goge har su yi ƙyalli kamar madubi. Dutsen nasa holoƙo ne, wanda ya tsaya a gabansa kuwa fuskarsa zai gani, da dogayen benaye na sabon birni. Da haka yake tambayar mutanensa abin da ya rage na tsohon lambu a zamanin siminti da gilashi. Haka kuma I. M. Pei, mai zanen gine-gine wanda danginsa suka taɓa mallakar lambu a Suzhou, ya gina wa birnin gidan kayan tarihi da aka buɗe a 2006. Maimakon ya tara duwatsu masu ramuka kamar na dā, sai ya sa aka yanka falalen duwatsu aka jera a gaban farar katanga, suka zama kamar zanen tsaunuka a kan takarda. Dukansu biyu sun san tsohon aikin sarai kafin su sāke shi.

To, bari mu komo Kamaru. Idan ka bar Garwa ka yi arewa zuwa Marwa, ka juya gabas ta Maga har garin Pus a bakin kogin Logon, ka shiga ƙasar Musgum. Ɗakinsu na gargajiya, wanda suke kira teleuk, da laka zalla ake gina shi, ba azara, ba ginshiƙi, ba jinka. Yana tashi da faɗi daga ƙasa, yana tsukewa har ya kai tsini, tsawonsa kuwa yakan kai mita 9. Bangon yana da kauri a gindi, yana raguwa zuwa sama. Tudun zanen da ke jikinsa ba ado kaɗai ba ne: shi ne matakalar magini sa'ad da yake gini ko gyara, shi ne kuma yake rarraba ruwan sama don kada ya zaizaye bangon. A ƙololuwa akwai kafar da hayaƙi yake fita, wadda ake rufewa in hadari ya taso. Ƙofar tsukakkiya ce a ƙasa, mai faɗi a sama, daidai da jikin saniya.

Baƙi sun daɗe suna sha'awar ɗakin nan. Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya ga ƙasar Musgum a ƙarshen 1851 da farkon 1852, amma tare da rundunar Borno mai neman bayi ya shiga. Marubucin Faransa André Gide ya bi Logon a 1926, ya yabi ginin ƙwarai, ya kwatanta shi da aikin mai ginin tukwane. Faransawa suka sa masa suna ɗakin harsashin igwa, saboda siffarsa. A 1931, a babban bikin nunin ƙasashen mulkin mallaka a Paris, aka gina rumfar ƙasashen Faransa na tsakiyar Afirka da ƙatuwar hasumiya mai siffar teleuk. Jama'a masu ɗumbun yawa suka yi kallo, da biki ya ƙare kuwa aka rushe ta.

Abin baƙin ciki shi ne, a zamanin nan da ake nuna siffar a Paris, ainihin ɗakin ya fara ɓacewa a gida. Aikin tilas ya kwashe majiya ƙarfi, waɗansu suka yi ƙaura, ginin teleuk kuwa yana cin watanni, yana kuma bukatar hannuwa da yawa. Sannu a hankali mutane suka koma ɗaki mai jinka, daga baya bulo da kwano. Kafin 1990 magina kaɗan ne suka rage, dukansu tsofaffi.

A 1995, shekarar da Zhan Wang ya fara bugun ƙarfensa, manyan 'ya'yan Musgum suka haɗa kai da wata ƙungiyar Faransa mai suna Patrimoine sans Frontières. Suka tara samari a ƙauyen Murla kusa da Pus, tsofaffin magina suka koya musu kwaɓa laka da ɗora ta layi bisa layi, har gida ya tsaya. Christian Seignobos da Fabien Jamin sun rubuta labarin aikin a littafin da ya fito a 2003, Steven Nelson kuma ya bi sawun teleuk daga Kamaru zuwa Paris a nasa littafin na 2007. Gaskiya ne, sabon ginin ya fi zama abin nuni da alamar kabila a kan wurin kwana. Duk da haka akwai bambanci babba tsakaninsa da na 1931. A Paris siffa kaɗai aka ɗauka, masu ita ba su ƙaru da kome ba. A Murla kuwa sani ne ya ƙetare daga hannun tsoho zuwa hannun yaro.

Mai karatu, mu ma muna da namu gādon: soro da tubali, bakan gizo na azara, da zanen ƙofar zaure, irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya bari a masallacin Zariya a ƙarni na 19. Ba laifi ba ne ɗan zamani ya sāke su da siminti ko ƙarfe, kamar yadda Pei da Zhan Wang suka yi da lambun Sin. Amma wanda bai san dalilin abu ba, ɓawonsa kawai zai kwaikwaya. In akwai tsohon magini a unguwarku, a Garwa ko a Kano, ku kai masa yara tun yana iya riƙe laka.