Zogale: Baƙon Indiya da Ya Zama Ɗan Gida a Wudil

Ranar Juma'a ce kasuwar Wudil ke ci, kuma yawancin baƙi kara suke nufa, wajen shanu. Amma wanda ya ratsa ta gefen masu abinci zai ga yarinya da faranti a kai, dafaffen ganye an matse shi dunƙule-dunƙule, ga garin ƙuli-ƙuli, ga albasa da tumatir da yaji. Kwaɗon zogale ke nan. Da wuya mai ci ya kawo a ransa cewa asalin wannan itace gindin duwatsun Himalaya ne, a arewacin Indiya.

A can, masu maganin gargajiya na Ayurbeda sun daɗe da shi. Sunansa shigru a harshen Sanskirit, kuma ya fito a Charaka Samhita, littafin magani da ya kusa shekara dubu biyu, inda aka sa shi cikin masu kashe tsutsar ciki. Ilimin nasu rassa takwas ne, ɗaya shi ne rasayana, wato gyaran jiki don ƙarfi ya dawo, tsufa ya jinkirta. Manyan wannan reshe su ne ɗan itacen amla mai tsami da saiwar ashwagandha. Zogale kuwa tukunya ya fi shiga: mutanen kudancin Indiya dogayen 'ya'yansa suke yankawa a miya, suna kiransa murungai, kuma daga nan Turawa suka samo kalmar moringa. A 1785 masanin Faransa Lamarck ya raɗa masa Moringa oleifera.

Sunayensa na Hausa suna iya nuna hanyar da ya biyo. Wani Baturen likita mai suna Dalziel, wanda ya wallafa ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya tarar ana ce masa zogalagandi, ana kuma ce masa bagaruwar Makka. Wannan suna na biyu gabas yake kallo, inda jiragen ruwan fatake suka haɗa Indiya da ƙasar Larabawa, alhazai kuma suka riƙa ratsa Sudan da Barno a ƙasa kafin zuwan jirgin sama. Wudil tana bakin hanyar gabas ɗin, inda mai fitowa daga Kano ke haye kogi.

Da ya iso, mata ne suka riƙe shi, kuma a nan ne tarihin ya fi daɗi. Ba a yi masa gona ba. Reshe ake sara a kafa a jikin danga ko bayan madafi, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, kafin shekara ta zagayo ya wuce tsayin katanga. A tsinke ganyen, a tafasa da ɗan kanwa, a tace. Wani a shanya a inuwa don rani. Da shi ake dambu, da shi ake miyar gyaɗa, shi ake ba mai jego don nono ya kawo. Bahaushiya ta bar 'ya'yan da Ba'indiye ke so ta kama ganye, kuma zaɓinta ya yi daidai, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen ganyen furotin ne, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Duniya ta waiwayo daga baya. Masaniya Samia Jahn ta nazarci yadda matan Sudan ke daka ƙwayar zogale su zuba a ruwan Nilu mai laka ya kwanta, dabarar da za ta amfani duk mai ɗiba daga kogin Wudil da damina. A 1997 aka fara ba yara masu tamowa garin ganyen a Kasamans ta Senegal, sunansa ya bazu, har ya koma shayi da ƙwayoyi a kwalba.

Yau masu lasifika a tasha suna cewa yana warkar da ciwon suga da hawan jini, abin da binciken asibiti bai tabbatar ba, kuma abin damuwa ne majinyaci ya ajiye maganin likita saboda shi. Saiwar ma ana hana mai ciki. A unguwannin Wudil dai har yanzu da la'asar ake jin muryar 'yan talla: "A sayi zogale!"