Ranar 3 Ga Fabrairu A Tarihinmu: 1903 Da 1976

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Idan muka waiwayi tarihin ƙasar Kano, za mu tarar da rana guda wadda ta shafe mu har sau biyu, da tazarar shekara 73 a tsakani. Wannan rana ita ce 3 ga watan Fabrairu, kuma a shekarun biyu duka ta faɗo ne a ranar Talata.

Ta farko ita ce ta shekarar 1903. A ƙarshen watan Janairu, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya bisa umarnin Gwamna Lugga. Bayan ta fasa garin Bebeji, ta iso bakin ganuwar Kano. A lokacin Sarki Alu yana can ƙasar Sakkwato tare da mafi yawan dakarunsa, ya bar tsaron birni a hannun Sarkin Shanu Muhammadu. Turawa suka fasa ƙofa da igwa suka shiga, aka kashe Sarkin Shanu yana kare gidan sarki. Kafin watan ya ƙare aka sake gwabzawa a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya rasa ransa. Daga baya Turawa suka naɗa Wambai Abbas sarauta. Shi kuwa Alu aka kama shi aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Tun daga wannan Talata hukuncin ƙarshe kan al'amuran Kano ya bar hannun Kanawa.

Ta biyu ita ce ta shekarar 1976. A ranar ce Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda aka haifa a Kano a 1938, ya yi wa 'yan Nijeriya jawabi a matsayinsa na shugaban ƙasa. Ya ƙara yawan jihohi daga 12 zuwa 19, aka samu irin su Bauchi da Borno da Gongola da Neja da Sakkwato. Haka kuma ya amince da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta ɗauke babban birnin tarayya daga Legas zuwa tsakiyar ƙasa. Bayan kwana goma, ranar Juma'a 13 ga wata, aka harbe shi a Legas a juyin mulkin Dimka wanda bai yi nasara ba. Bai ga Abuja da idonsa ba, domin sai 12 ga Disamba, 1991 gwamnati ta tare a can.

Ya kamata mu lura cewa a ƙirgen kakanninmu ranakun biyu ba su haɗu ba. Ta farko ta faɗo cikin Zulƙida na 1320 bayan Hijira, ta biyu kuwa cikin Safar na 1396. Kalandar da ta haɗa su tana cikin kayan da Turawa suka shigo mana da su. Duk da haka akwai abin lura a ciki. A ranar da baƙi suka ƙwace ikon birninmu, a irinta ce wani ɗan birnin ya sake fasalin ƙasar da baƙin suka ƙirƙira.

Da yawanmu a yau muna neman abinci a Abuja da manyan biranen jihohin da aka yanka a 1976, 'ya'yanmu kuma a can aka haife su. Sun san hoton Murtala a jikin takardar naira 20, amma kaɗan ne suka taɓa jin sunan Sarkin Shanu ko Waziri Ahmadu. Ganuwar da aka yi yaƙin a bakinta ma, an cinye da yawa daga cikinta da gine-gine da haƙar ƙasa.

Saboda haka, duk lokacin da muka zo ganin gida, mu ɗauki yara mu kai su Gidan Makama da Ƙofar Kabuga da kabarin Murtala, mu ba su labarin waɗannan ranaku biyu da bakinmu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyauta namu zuwan, amin.