Kafiri: Daga Addini Zuwa Launin Fata

Daga Larabci muka aro kalmar "kafiri". Tushenta rufe abu ne, shi ya sa Larabawan dā ke kiran manomi da ita, don yana binne iri. A wurinmu maganar addini ce, kodayake takan yi laushi: a ce yaro na da kafirin wayo, ana dariya.

A kudancin Afirka labarin ya sha bamban. Turawan Fotugal suka tsince ta a bakin fataken Larabawa, ta zame sunan duk wani baƙar fata, ko masallaci yake zuwa ko coci. Zamanin mulkin wariya ta koma ashar tsagwaronta. A 2018 wata kotu a Afirka ta Kudu ta ɗaure wata Baturiya da ta yi ta jifan 'yan sanda baƙaƙe da ita.