Tarihin Ilmin Tsirowar Jijiyoyin Jini

A shekarar 1971, yayin da Judah Folkman, likitan fiɗar yara a birnin Boston ta Amurka, ya bayyana ra'ayinsa cewa ƙarin sankara ba ya iya kasaita sai ya janyo wa kansa sababbin jijiyoyin jini da za su shayar da shi, da yawa daga malaman ɗibbu na zamaninsa ba su karɓi maganar ba, domin kuwa dalilin da zai tabbatar da ita, wato sinadarin da ke kiran jijiyoyin, bai zo hannu ba tukuna. A 1989 Napoleone Ferrara ya tace ɗaya daga cikin irin waɗannan sinadarai, ya raɗa masa suna VEGF.

Kafin nan, a 1977, Phillip Sharp da Richard Roberts, kowa a zauren bincikensa, sun gano cewa rubutun gado da ke cikin ƙwayar halitta yanki-yanki yake, kuma ƙwayar, tamkar mai juyar littafi, takan ɗebi wani babi ta tsallake wani, har asali guda ya haifar da nassi iri-iri. Da aka auna VEGF da wannan ma'auni, sai ga shi nau'i-nau'i: gajere mai guraye 121 yakan yaɗu nesa cikin tsoka, dogo mai 189 yakan manne inda aka yi shi, matsakaici mai 165 kuwa ya haɗa ɗabi'un biyu, kuma da wannan rabo ne jijiya mai tsirowa take sanin alƙiblarta. A 2002 malaman Jami'ar Bristol ta Ingila suka ba da labarin wani nau'i mai hana tsiro, ko da yake har yau akwai saɓani a kan yawansa a jiki.

Abin da ya fi taɓa zuciyata, duk da haka, shi ne na 2003, lokacin da Ananth Karumanchi da abokan aikinsa suka nuna cewa mabiyiya takan kwararo wani guntun makarɓin VEGF, wanda shi ma irin wannan yanka ne ya samar da shi, ya bi jini yana kame sinadarin, har jinin mai juna biyu ya hau, ƙodarta ta riƙa zubar da furotin. Wannan ita ce larurar da kan gabaci jijjiga, wadda ta raba gidaje da yawa a ƙasar Hausa da matansu, kuma yanzu a wasu asibitocin duniya ana auna guntun nan a jini domin a hango ta tun da wuri.