Tsantsar Asid ɗin Asetik a Ƙasa Mai Zafi: Nazari kan Haɗurransa da Yadda Ya Kamata a Riƙe Shi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba haɗurran tsantsar asid ɗin asetik, sinadarin da ake ajiyewa a ɗakunan gwaje-gwaje na makarantu da asibitoci. An dogara da alƙaluman siffofinsa, da ƙa'idojin kare lafiyar ma'aikata na Amurka da Turai, da rahotannin haɗurra da hukumomi suka fitar. Nazarin ya nuna cewa sunayen da ake kiran sinadarin da su ne suke sa a raina shi, kuma zafin bazara a ƙasar Hausa yana ƙara masa haɗarin gobara wanda littattafan ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba.

Gabatarwa

Duk wadda ta taɓa wanke ganyen salak da ruwan khal ta san warin wannan asid. Sai dai abin da ke cikin khal bai wuce kashi 4 zuwa 8 cikin 100 ba, sauran duk ruwa ne. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne mai ƙarfin kashi 99 da ɗoriya, wanda ake rubuta wa "gileshiyal" a jikin kwalba, wato mai ƙanƙara, saboda yana daskarewa idan sanyi ya kai digiri 16.6 a ma'aunin Salsiyas. Bajamushen nan Hermann Kolbe ne ya fara haɗa shi daga sinadaran da ba na halittu masu rai ba a 1845. A yau yawancinsa daga metanol ake yin sa, ta hanyar da kamfanin Monsanto ya fara amfani da ita a 1970, ko wadda kamfanin BP ya fito da ita a 1996.

Ɗalibin sakandare yana haddace cewa wannan "raunannen asid" ne. Maganar gaskiya ce a ilimin kimiyya, domin abin da take nufi kawai shi ne ƙalilan daga ƙwayoyinsa ne suke rabuwa a cikin ruwa. Amma kunnen mai koyo ba haka yake jin ta ba. Shi abin da ya ji shi ne ba ya cutarwa, kuma da wannan fahimtar yake girma har ya zama mai kula da ɗakin gwaji.

Abin da yake yi wa jiki

Rashin rabuwar nan da ake kira rauni shi ne ke ba shi damar ratsa kitsen da ke lulluɓe da ƙwayoyin jiki. Shi ya sa ƙunar da yake yi wa fata takan yaudari mutum: ɗigo ya taɓa bayan hannu, a goge da tsumma, a ci gaba da aiki, sai bayan sa'o'i wurin ya yi ja ya tashi. Dokar Tarayyar Turai ta kasa shi mataki-mataki. Daga kashi 10 zuwa 25 yana sa ƙaiƙayi da zafi a fata da ido, daga 25 zuwa 90 yana cin fata, daga 90 zuwa sama kuwa yana rukunin mafi tsananin ci. A ido yana iya jawo makanta.

Tururinsa ma abin kiyayewa ne. Ƙa'idar Amurka ba ta yarda ma'aikaci ya shaƙi fiye da kashi 10 cikin miliyan na iska ba a aikin sa'o'i 8, kuma an ɗauki kashi 50 cikin miliyan a matsayin barazana ga rai nan take.

Haɗiye shi ya fi komai muni, kuma likitocin Rasha ne suka fi kowa sanin wannan, domin a can ana sayar da mai ƙarfin kashi 70 a kantuna don jiƙa kayan lambu. Bayan ƙone baki da maƙoshi da ciki, asid ɗin yana shiga jini ya farfasa jajayen ƙwayoyinsa, fitsari ya koma ja ko baƙi, ƙoda ta tsaya. Wanda ya tsira yakan dawo bayan makonni da hanyar abinci ta tsuke, ko kunu ba ya wucewa. A nan al'adarmu ta ɗura wa wanda ya sha guba manja ko sa shi amai tana da illa babba, domin amai ƙuna ce ta biyu a hanyar da ta riga ta ƙone. Ba a kuma ba shi ruwan kanwa da niyyar kashe tsamin, saboda haɗuwarsu tana haifar da zafi da iska a cikin da ya riga ya yi rauni. Asibiti kai tsaye, da kwalbar a hannu.

Zafin bazara da haɗarin gobara

Wannan ne ɓangaren da na fi ganin an yi wa riƙon sakainar kashi. Yawancin asid ɗin da muka saba da su ba sa cin wuta. Wannan yana ci. Da zarar zafinsa ya kai wajen digiri 39, tururin da ke samansa ya isa ya kama idan tartsatsi ya gifta, kuma tururin ya ninka iska nauyi kusan sau biyu, don haka ƙasa yake bi. Shi ya sa dokar sufuri ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba mai ƙarfin sama da kashi 80 lamba 2789 da alamomi biyu, ta cin jiki da ta cin wuta.

Ga mai aiki a Jamus, digiri 39 zafi ne da galibi sai an ɗora a wuta kafin a kai. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, inuwa ma tana haura digiri 40. Balle ɗakin ajiya mai rufin kwano da ba silin, taga a rufe saboda ɓarayi, ga wayar lantarki a buɗe tana jiran a kawo wuta. Na taɓa shiga irin wannan ɗaki a wata makaranta da rana tsaka. Warin ne ya fara tarbe ni tun daga ƙofa. A kan katako ɗaya, kwalbar gileshiyal mai lita biyu da rabi tana jingine da ta asid ɗin naitirik, murfinta ya tsage an naɗe shi da leda. Mai kula da wurin ya ce mini, cikin kyakkyawar niyya, ai asid da asid ake haɗawa. Nan ne kuskuren. Naitirik yana cikin masu rura wuta, kamar famanganet da haidurojin feroksaid, shi kuwa asetik makamashi ne. Mazauninsa akwatin abubuwa masu kama wuta, a ɗaki mai sanyi da iska ke ratsawa. Idan hunturu ya daskarar da shi, a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, kada a kai ta kusa da harshen wuta.

Darasi daga haɗurra biyu

Ranar 27 ga Yuli, 2021, a masana'antar LyondellBasell da ke La Porte a jihar Texas, 'yan kwangila suna ƙoƙarin cire na'urar da ke juya wani bawul sai suka kwance ƙusoshin da ke riƙe da bawul ɗin kansa. Kimanin fam 164,000 na gaurayen asid ɗin asetik mai zafi, wato sama da tan 70, ya kwararo. Mutum biyu suka rasu. Rahoton hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka na 2023 ya nuna ba a ba su rubutaccen tsarin aikin ba, ba a kuma horar da su a kan irin wannan bawul ba.

Na biyun ya fi kusa da mu. A Janairun 2013 aka fitar da gargaɗi ga asibitocin Amurka bayan an shafa wa marasa lafiya tsantsar asid ɗin a maimakon wanda aka sirka, suka samu ƙuna mai barin tabo. Dalilin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne, a cibiyoyin lafiya da dama a Najeriya da Nijar ana duba alamun sankarar bakin mahaifa ne ta hanyar shafa asid ɗin asetik mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5, hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita ga wuraren da ba su da kayan gwaji masu tsada. Ruwan da ke ceton rai da wanda ke ƙone nama launinsu ɗaya, warinsu ɗaya. Ungozomar da mata talatin ke jira ba za ta bambance su da ido ba.

Ƙa'idar riƙo

Ra'ayin wannan nazari shi ne kada tsantsar ta shiga ɗakin duba marasa lafiya ko kaɗan. Mai harhaɗa magunguna ne zai sirka a wurinsa: mililita 950 na ruwa a fara zubawa, sannan mililita 50 na asid a hankali, a rubuta ƙarfi da kwanan wata a jikin kwalba, mutum na biyu ya duba ya sa hannu. Inda za a samu farin khal mai kashi 5 daga masana'anta, ya fi aminci.

Mai sirkawa ya sa tabarau mai rufe gefen ido. Safar hannu ta tiyata ba ta tare wannan asid, ta robar butil ake so. Kuma kafin a buɗe murfi a tabbata akwai ruwa, domin maganin farko ga fata ko ido shi ne kwarara ruwa na aƙalla minti 15 ba tsayawa. A makarantar da famfo ba ya kawowa, wannan yana nufin jarka biyu cike a gefen teburi, tare da buta mai dogon baki don wanke ido.